Diabari: Unguwar da Jirgin Yaƙi ya Faɗa wa Makaranta

Tsakanin Najeriya da Bangaladesh akwai ratar awa biyar. Lokacin da agogon birnin Dhaka ya nuna ƙarfe 1:18 na rana, ranar Litinin 21 ga Yulin 2025, a Kano da Katsina da Maraɗi ƙarfe 8:18 ne na safe. Da yawanku an watse daga asambili ke nan, malamin darasin farko yana goge allo. A daidai wannan minti ne wani jirgin yaƙi na rundunar sojin saman Bangaladesh ya sulmiyo ya daki wani bene a makarantar Milestone da ke Diabari, a yankin Uttara, arewacin Dhaka. An tashi ƙananan azuzuwa, amma yara ba su gama watsewa ba. Wasu na jiran iyayensu, wasu sun zauna darasin ƙari. Mutum 36 suka rasu sanadiyyar wannan faɗuwa, 28 daga cikinsu 'yan makaranta ne, kuma fiye da 170 suka ji raunuka.

Mu ɗalibai ne a Jami'ar Fasaha ta Musulunci da ke Gazipur, wadda ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta kafa, inda za ka tarar da 'yan Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna karatun injiniya. Daga ɗakunan kwananmu zuwa Diabari bai kai nisan Kano zuwa Wudil ba. Duk da haka sai da muka yi kusan wata uku kafin mu je. A makonnin farko wurin ba ya bukatar ƙarin 'yan kallo, ya riga ya samu fiye da ƙima. Wata Asabar a farkon Oktoba muka shirya mu biyar, muka fito bakin titi a Board Bazar muka tari motar haya.

Sai mun ɗan yi muku bayanin ƙasar, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna ba. Ku ɗauki jihar Neja ku haɗa da jihar Borno, kusan faɗin Bangaladesh ke nan gaba ɗaya. To, a cikin wannan fili ake da mutum sama da miliyan 170, ga koguna sun cinye wani kaso mai yawa. Dhaka da kewayenta kaɗai sun haura mutum miliyan 20. Abin da wannan ke nufi a kan hanya shi ne ba ka taɓa fita daga gari. Daga Board Bazar zuwa Tongi babu inda gini ya yanke aka ga daji ko gona mai faɗi. Masana'antun ɗinkin tufafi ne a jere, benaye na dafe da juna, manyan motoci masu jiki duk ƙujewa suna hura ƙaho kamar an yi musu laifi. Wanda ya saba cewa cunkoson Kurna ko Kasuwar Barci ya ishe shi, ya zo nan ya ga yayansa.

A Tongi muka haye kogin Turag. A gaɓarsa ne ake taron Bishwa Ijtema duk shekara, taron wa'azin da ke tara Musulmi daga ƙasashe da dama. Da ka tsallake gadar ka shiga Dhaka, unguwar farko ita ce Abdullahpur, daga nan sai Uttara. Muka sauka muka nemi keke mai ƙafa uku, irin wanda mutum ke tuƙawa fasinja biyu na zaune a baya. Ga wani abin dariya da har yau bai daina ba mu dariya ba: a nan ƙasar, mai keke da mai shayi da kwandasta duk “mama” ake ce musu. A harshen Bangla kalmar na nufin kawu, wato ɗan'uwan uwa. Sai ka ga ƙato Bakano da gemunsa ya tsaya bakin titi yana kiran wani ƙaton “mama, mama”, ko a jikinsa.

Muna barin babban titi muka nufi yamma, sai gari ya fara buɗewa. Diabari ba ta yi kama da sauran Dhaka ba. Sabuwar shimfiɗa ce, tituna masu faɗi a miƙe, fuloti-fuloti da ba a gina ba, tafkuna nan da can, sai dogayen benaye jefi-jefi kamar haƙoran yaro mai famfara. Da can ƙasa ce mai kwari da ruwa ke kwanciya, hukumar tsara birnin ta cike ta da yashi ta yanka filaye. A kan wannan yashi wata ciyawa ke fitowa da suke kira kashful, 'yar'uwar kyauron nan namu da ake yin kibiya da shi. A ƙarshen damina takan fitar da farin fure mai laushi, ya rufe fili kamar an shanya auduga. Mutanen Dhaka na son furen nan ƙwarai. Daga cikin gari suke tahowa da yamma, mata sanye da fararen sari, a yi ta ɗaukar hoto, masu sayar da fuchka da shayi suna ciniki. Kafin watan Yuli, in ka ce Diabari, abin da ke zuwa zuciyar mutumin Dhaka ke nan: wurin shan iska.

Ba mu yi minti biyar a kan keken ba muka ji rugugi daga sama. Jirgin fasinja ne ya taho ƙasa-ƙasa, tayoyinsa a waje, har muna iya karanta sunan kamfanin a jikinsa. Mu biyar duk muka ɗaga kai. Mai kekenmu bai ko kalla ba. Kafin mu isa sai da wasu biyu suka wuce ta layi ɗaya. Babban filin jirgin saman ƙasar, na Hazrat Shahjalal, yana kudu maso gabas da nan, 'yan kilomitoci kaɗan, kuma titin sauka da tashi guda ɗaya tak gare shi. Bakin titin nan ya kalli Diabari. A wannan titi jiragen fasinja ke sauka, a kansa kuma jiragen yaƙin sansanin Kurmitola ke tashi, domin sansanin da filin jirgin maƙwabtan juna ne.

Makarantar tana kusa da ma'ajiyar jiragen ƙasa na Metro. Babbar makaranta ce mai zaman kanta, daga firamare har aji goma sha biyu. An sake buɗe ta tun farkon Agusta. Mun tsaya a tsallaken titi, ba mu nemi shiga ba, kuma ba mu ɗaga waya mun ɗauki hoto ba. Yaran da suka tsira a nan suke karatu har yanzu, ba gidan zoo ba ne. Muka yi wa mamatan addu'a a tsaye, muka koma wata rumfar shayi da ke kusa muka zauna. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda wurin ya yi kama da bakin kowace makaranta da muka sani: mai sayar da biro da littafin rubutu, mai alewa, kekuna na jiran fasinja, tallan darasin ƙari manne a bango.

Ginin da jirgin ya daka ana kiransa Haider Ali, bene ne mai hawa biyu, kuma azuzuwan ƙananan yara ne a cikinsa, 'yan aji uku da huɗu na firamare zuwa sa'o'in 'yan ƙaramar sakandare. Jirgin ya tashi daga Kurmitola ƙarfe 1:06. Minti goma sha biyu kacal ya yi a sama. Matuƙinsa, Flight Laftanar Towkir Islam, matashi ne ɗan shekara 27 daga Rajshahi, kuma ranar ce karon farko da ya tuƙa irin wannan jirgi shi kaɗai, babu malami tare da shi. Ya rasu a asibitin sojoji a ranar.

Tunda yawancinmu injiniya muke karanta, hirar rumfar shayin ta karkata kan jirgin kansa. Sunansa F-7 BGI, ƙirar ƙasar Sin, kuma asalinsa daga MiG-21 ne, jirgin da Tarayyar Sobiyet ta ƙera tun shekarun 1950. Bangaladesh ta sayi guda 16 na wannan samfuri, aka gama kawo su a 2013, shekarar da Sin ta daina ƙera irinsa. Wato a shekaru bai tsufa can-can ba, tsarin jikinsa ne na zamanin kakanni. Inji ɗaya gare shi. Fukafukansa gajeru ne masu siffar alwatika, an yi su ne don gudu, har yakan kusa ninka saurin sauti sau biyu. Amma abin da ya ba shi gudu shi ne ya sa yake da wuyar sha'ani in an rage gudun. Jirgi na tsayawa a sama ne saboda iskar da ke ratsa fukafukansa; in gudun ya yi ƙasa da kima, ko hancin ya ɗaga fiye da yadda ya kamata, iskar sai ta daina riƙe shi, ya fara zubowa kamar dutse. Mai manyan fukafukai yana da sarari kafin ya kai wannan hali. Mai gajeru ba shi da shi sosai.

Ko lokacin da irin wannan jirgi ke shirin sauka, gudunsa na kai kilomita 300 a awa. Ku ɗauki biro ku raba: mita 300,000 cikin daƙiƙa 3,600, ya ba ku mita 83 a kowace daƙiƙa. Tsawon filin ƙwallo ke nan cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Matuƙin da abu ya ƙwace masa a ƙasa-ƙasa yana da 'yan daƙiƙu ne ya gane matsalar, ya gwada gyara, ya duba inda zai karkata, sannan ya ja igiyar kujerar da ke cilla shi waje da laima. A saman daji ko teku, waɗannan daƙiƙu rayuwarsa kaɗai suka shafa. A saman Uttara, duk inda ya juya rufin wani ne.

Sai batun mai. Man jirgin yaƙi dangin kananzir ne, kuma jirgin da bai wuce minti goma sha biyu da tashi ba, tankunansa na ɗauke da mai da yawa. Shi ya sa akasarin waɗanda suka rasu ko suka jikkata ba ƙarfen jirgin ne ya same su ba, wuta ce. Mai ya fantsama ta ƙofar ginin da baranda, wato ta hanyar da yaran za su bi su fita.

A nan ne sunan Malama Maherin Chowdhury ya shiga bakin duk ɗan Bangaladesh. Tana da damar tsira, amma ta yi ta komawa tana fito da yara, aka ce kusan ashirin ta fitar, har wutar ta cinye kusan dukkan jikinta. A daren ta cika a asibitin ƙuna na ƙasa, aka kai ta garinsu a gundumar Nilphamari aka binne. Ta bar 'ya'ya biyu maza. Malamai uku ne suka rasu gaba ɗaya, da iyaye uku da suka zo ɗaukar 'ya'yansu, da wata ma'aikaciyar makarantar. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri.

Waɗanda suka fara kai ɗauki manyan ɗaliban makarantar ne, sa'o'inku, da masu keke da mutanen unguwa, kafin sojoji da 'yan kwana-kwana su iso. A kan kekuna masu ƙafa uku aka ɗauki yara da yawa zuwa asibitocin Uttara. Hukumar Metro ta ware tarago guda don jigilar waɗanda suka ji rauni zuwa cikin gari, saboda jirgin ƙasan a kan gada yake tafiya, cunkoso ba ya tare shi. Mutane suka yi dafifi a asibitoci don ba da jini. Daga baya likitocin ƙuna suka zo daga Singafo da Indiya da Sin. Amma akwai ɗaya ɓangaren da su kansu 'yan ƙasar suka yi ta kuka da shi: dubban 'yan kallo da suka cika hanya, waya a sama, motar asibiti na ta jiniya babu wurin wucewa. Wannan hali ba sai mun zo Dhaka muka san shi ba. Duk wanda ya taɓa ganin tankar mai ta faɗi a hanyoyinmu ya san yadda jama'a ke rugawa wajenta maimakon su guje ta.

Ɗaya daga cikinmu, wanda ya yi aikin sa-kai da ƙungiyar agaji tun yana sakandare, ya tuna mana abin da ake koya musu game da ƙuna, kuma ya dace a faɗe shi a nan. Ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara shi a wurin har kimanin minti ashirin. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata kada a fizge ta. A lulluɓe da ƙyalle mai tsabta a nufi asibiti. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja da gishiri, waɗanda ake rige-rigen shafawa a gidajenmu, ba sa maganin komai, sai ma su jawo ƙwayoyin cuta su kuma wahalar da likita wajen wanke ciwon. In tufar mutum ta kama da wuta, kada ya ruga, gudu hura ta yake yi. Ya kwanta ya yi ta birgima.

Washegarin faɗuwar, 22 ga Yuli, gwamnati ta ayyana zaman makoki na ƙasa. A ranar ce kuma ɗaliban makarantar suka tsare manyan jami'an gwamnati biyu, mai kula da shari'a da mai kula da ilimi, a cikin harabar har kusan awa tara. Bukatunsu shida ne, kuma ba na yara ba ne: a fitar da sunayen mamata da adadinsu na gaskiya, a biya diyya, a daina amfani da tsofaffin jirage, a sauya wurin da ake horar da matuƙa. Batun adadin ya yi zafi domin a kwanakin farko hukumomi sun yi ta faɗin lambobi mabambanta, jita-jita kuma ta cika Facebook cewa ana ɓoye gawarwaki. Sai da aka yi gwajin ƙwayoyin halitta kafin a gane wasu yaran. Adadin ya ci gaba da ƙaruwa har makonni, domin mai ƙuna mai tsanani yakan yi kwanaki yana jinya kafin rai ya yi halinsa.

A ranar farko rundunar soji ta ce matsalar inji ce, kuma matuƙin ya yi ƙoƙarin karkatar da jirgin daga inda jama'a suka yi yawa. Kimanin wata guda bayan ziyararmu, ranar 5 ga Nuwamba, kwamitin bincike ya miƙa rahotonsa ga shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, Farfesa Muhammad Yunus. Kwamitin ya ce kuskuren matuƙi ne ya sa jirgin ya ƙwace. Ya ba da shawarwari 33, babbar cikinsu ita ce a fitar da horon farko na matuƙa daga Dhaka. Ya kuma gano wani abu da bai shafi sama ba ko kaɗan: ginin bai cika ƙa'idar gine-gine ta ƙasar ba. Ya kamata a ce yana da matattakala uku. Guda ɗaya gare shi, a tsakiya.

Mu dai a ganinmu, cewa kuskuren matuƙi ne bai rufe maganar ba, buɗe ta ya yi. Mai koyo dole ya yi kuskure, don haka ma ake kiransa mai koyo. Babu mai hankalin da zai koya wa ƙaninsa mota a tsakiyar Kantin Kwari. Filin Idi ake zuwa, ko bayan gari, inda in ya taka totur maimakon birki, sai dai ya ture tulin ƙasa. Wanda ya zaɓi filin koyon yana da nasa kason a duk abin da ya biyo baya. Haka wanda ya sa hannu aka zuba ɗaruruwan yara a bene mai mafita ɗaya. Jirgin daga sama ya zo, babu malamin da zai iya tare shi. Matattakala kuwa aikin birkila ne da buhunan siminti.

Daga rumfar shayin muka taka zuwa tashar Metro ta Uttara ta Arewa, inda layin ya fara. An buɗe shi a ƙarshen Disambar 2022, shi ne na farko a ƙasar, kuma mafi ƙarancin kuɗin shiga taka 20 ne. Ba wani wuri za mu ba, so muke mu ga unguwar daga sama. Daga kan gadar komai ya fito fili. Ga fararen filayen kashful, ga ƙugiyoyin gini na ɗaga ƙarafa, ga tankunan ruwa a kan rufi iya ganinka, ga jirage na saukowa ɗaya bayan ɗaya kamar an ɗaura su a zare.

A cikin taragon gardama ta kaure tsakaninmu kan wa ya tarar da wani. Tarihi dai yana bayan filin jirgin. Turawan Ingila ne suka fara shimfiɗa titin jirgi a Kurmitola lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da wurin ke bayan gari sosai. A 1980 aka buɗe shi a matsayin babban filin jirgin ƙasar, aka bar tsohon na Tejgaon da gari ya riga ya haɗiye. Uttara kuwa a shekarun 1960 aka fara tsara ta, ta yi ta faɗaɗa kashi-kashi har ta kai Diabari. Ɗayanmu ya ce to ai magana ta ƙare, gari ne ya je ya samu jirgi, kuma rundunar sojin saman ta ce ba za a bar babban birni babu jiragen da za su kare shi ba. Wani ya ce ba mutane ne suka kai kansu ba, hukuma ce ta yanka filayen ta sayar, ita ta ja titi da wuta da layin dogo zuwa wurin. Iyalin da suka samu gida a Uttara ba su yi laifin komai ba, a ƙasar da ko tafin hannu na fili ba ya zama banza. Kuma ajiye jiragen tsaro a birni daban, koya wa sabon matuƙi tashi a kansa daban. Mun fi karkata ga na biyun, ko da yake mai maganar farko bai sauka daga kan bakansa ba har muka sauka daga jirgin.

Abin da ya sa gardamar ta yi zafi shi ne kowa a cikinmu da garinsu yake tunani. Rundunar sojin saman Najeriya ma tana da 'yan'uwan wannan jirgi, samfurin F-7Ni. Biyu daga cikinsu ne suka gogi juna a saman Abuja ranar 28 ga Satumbar 2018, suna atisayen bikin 'yancin kai, suka faɗi a wajen dutsen Katampe. Matuƙi ɗaya ya rasu, Allah Ya tsare mutanen ƙasa. A Kaduna, ranar 29 ga Agustan 2015, ƙaramin jirgin soji samfurin Dornier ya faɗa kan wani gida a barikin Ribadu jim kaɗan da tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Na Kano kuwa, ku tambayi iyayenku. Ranar 4 ga Mayun 2002, kafin a haifi ko ɗaya daga cikinmu, jirgin fasinja na kamfanin EAS ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ya faɗa unguwar Gwammaja, mutum sama da ɗari suka rasu, da dama daga cikinsu suna zaune ne a gidajensu. Filin jirgin Kano shi ma a bayan gari aka yi shi. Yau Kurna da Fagge da Birged da Jaba sun zagaye shi, kuma a gefensa makarantar horar da matuƙan jiragen yaƙi take. Bakanon cikinmu ya ce tun yana firamare ya saba malami ya yi shiru a tsakiyar jimla har jirgi ya wuce, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya.

Sai muka shiga lissafin makarantun da muka yi. Ɗaya ya ce benen makarantarsu matattakala biyu ne, amma ɗayar kullum a garƙame take da kwaɗo don kada 'yan makara su sulale. Wani ya ce ɗakin kwanansu na makarantar kwana ƙofa ɗaya ce, tagogi duk an dasa musu ƙarfe, kuma da dare ta waje ake rufewa. A cikinmu biyar, mutum ɗaya ne kawai aka taɓa yi wa atisayen fita daga aji in gobara ta tashi, shi ma sau ɗaya, ranar da baƙi za su zo.

Mun juyo daga tashar Pallabi muka dawo Diabari wajen la'asar, lokacin da masu shan iska suka fara cika filayen. Muka sayi fuchka, 'yan ƙananan ƙwallayen fulawa masu ƙaras-ƙaras da ake cusa wa dankali da wake a zuba ruwan tsamiya, muka ci a tsaye a bakin wani fuloti. Furen kashful ya kai mana kafaɗa. A tsakiyarsa an kafa allon ƙarfe mai hoton benen da za a gina a wurin, hawa goma, da lambar wayar masu sayar da ɗakuna, kuma an riga an sauke tulin bulo ja a gefe.